Abin da Dam Ke Ɓoyewa a Ƙarƙashin Laka

Mai bin hanyar Gezawa zuwa Minjibir da rani zai ga shuke-shuke kore shar a tsakiyar ƙasar da ta bushe ƙayau. Albarkar dam ɗin Jakara ke nan, wanda ke Wasai, ɗaya daga cikin madatsun da aka somo ginawa tun zamanin Gwamna Audu Baƙo. Tomas a wajen Ɗambatta da Watari a Ɓagwai duk 'yan gida ɗaya ne da shi. A yankin da gona ke jingine da gona, ga yawan jama'a, ga ƙarancin fili, ruwan nan shi ne ya raba samari da yawa da tafiya cin rani.

Sai dai ƙoramar Jakara da ke cika dam ɗin ba ruwa mai tsabta take kawowa ba. Ta tsakiyar birnin Kano take ratsowa, ta kwaso ruwan kwatami da na mahauta, sannan rafin Getsi ya haɗe da ita ɗauke da abin da masana'antun Bompai suka zubar. Masu bincike na Jami'ar Bayero sun sha auna wannan ruwa, sun kuma sha samun ƙarafa masu guba a ciki, irin su dalma da kuromiyom, sinadarin da ake jimar fata da shi a kamfani. Da wannan ruwa ake ban-ruwan latas da kabeji da alayyafo, a cikinsa masunta ke kama tarwaɗa da karfasa, kayan kuma birni suke komawa.

Haɗarin ƙarfe shi ne ba ya ruɓewa. Ƙwayar cuta takan mutu idan an tafasa ruwa, dalma kuwa tafasawa ba ta taɓa ta, sai ma ta ƙara kauri yayin da ruwan ke ƙonewa. Alif yakan kwantar da laka ruwa ya yi garau, amma ba ya ba da tabbacin cewa abin da ya narke ya fita. Ido ba ya gani, harshe ba ya ji.

Arewa ta riga ta ga illar irin wannan guba. A 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka lura yara na mutuwa ba ƙaƙƙautawa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, irin su Dareta da 'Yargalma, daga baya har Bagega. Duwatsun zinariya da ake niƙawa a tsakar gida cike suke da dalma, ƙurar ta shiga ƙasa da abinci da kududdufan wanki. Yara fiye da 400 suka rasu. A 2015 abin ya maimaitu a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Kano ma ba baƙuwar haƙar ma'adinai ba ce: tun zamanin Turawa ake haƙar kuza a Riruwai, can kudu a ƙasar Doguwa, sama da madatsar Tiga. Duk inda aka wanke dutse, damina za ta gangaro da ragowar, kuma dam ne matattara.

A nan ne awon ruwa ke buƙatar basira, domin kwalba ɗaya da aka ɗebo a bakin gaɓa yaudara ce. Idan ruwa ya shigo dam gudunsa yakan mutu, laka ta kwanta, ƙarafan da suka manne mata su bi ta ƙasa. Saman ruwa sai ya fito tas a awo. To amma bututun da ake sakin ruwan noma ta cikinsa galibi daga ƙasa yake zuƙa, inda iska ta yi ƙaranci lokacin zafi, wasu ƙarafan su sake narkewa su bar lakar. Ruwan da ya isa lambu ke nan ba shi ne aka auna ba. Don haka mai awo na ƙwarai yakan ɗebi ruwa a mashiga, ya ɗeba a bakin da ake saki, ya tono lakar ƙasa, ya haɗa da kifi da ganye da ruwan rijiyoyin da ke kusa.

Lokaci ma da nasa. A Afrilu da Mayu ruwa ya ja baya, guba ta tattaru a ɗan abin da ya rage. Ruwan farko kuma yakan wanko dattin watanni a dare ɗaya.

Akwai awon da ake yi nan take da 'yar na'urar hannu: tsamin ruwa, gishirinsa, duhunsa, yawan iskar da ke ciki. Tsami na da muhimmanci ƙwarai kusa da wurin haƙa, don ruwa mai tsami ya fi narkar da ƙarfe. Su kansu ƙarafan sai ɗakin gwaji. Ma'auni kuwa a rubuce yake: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada dalma ta wuce miligiram 0.01 a litar ruwan sha, ƙa'idar ruwan sha ta Nijeriya ta 2007 ma haka ta ce. A shekarar ce aka kafa hukumar NESREA domin sa ido kan masu gurɓata muhalli.

Inda gizo ke saƙar shi ne sakamakon yakan ƙare a kundin digiri, da Turanci, a kan kanta. Ɗalibi ya sami shaidarsa, manomin da ke tsaye cikin ruwan har gwiwa bai ji komai ba. Alhali abin da yake buƙata kaɗan ne: wane wata ne ruwan ya fi muni, wane ganye ne ya fi zuƙar guba, wace rijiya ce ba ta yara ba. Dagaci da sarkin noma da sarkin ruwa suna nan, rediyo na kunne a kowace bukkar lambu, ga kasuwar Gezawa na ci duk mako. Allo ɗaya a bakin dam, da Hausa, ɗauke da kwanan watan awo da abin da aka samu, ba zai kai kuɗin buhunan taki goma ba.