Karatun adabin Turanci a kwalejin ilimi

Ɗalibin Kura ko Bunkure mai son adabin Turanci ba lallai sai ya fara da jami'a ba. Kwalejin Ilimi ta Sa'adatu Rimi da ke Kumbotso, kan titin Zariya, ta daɗe tana yaye malamai masu takardar NCE. Karatun shekara uku ne, galibi a haɗa Turancin da wani darasi kamar Hausa. Akan nazarci wasan kwaikwayo da waƙa da ƙagaggun labarai irin su The Stillborn na Zaynab Alkali, wanda ya fito a 1984. Labarin 'yar ƙauye ne, ba zai yi wa ɗan manomin shinkafa baƙunta ba. Wahalar tana wajen rubutu: jan biron malami ba ya ƙyale ko waƙafi. Wanda ya ci jarrabawar NCE da kyau yakan shiga jami'a ya fara daga aji biyu.