Ƙaurace wa taron masu hannun jari ba ya rushe shi

Akwai wata magana da ta ishe ni, wadda ake yi daga Tsaskiya har Safana da Batsari: wai idan ƙananan masu hannun jari suka ƙi zuwa babban taron shekara, duk abin da aka yanke ya rushe, tunda ba a cika ba. Wasu tun 2003 suka sayi hannun jarin Jaiz, takardun na ƙasan adaka, suna jin zamansu a gida ma horo ne ga daraktoci.

Ba haka doka ta ce ba. Dokar kamfanoni da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Agustan 2020 ta ce, in tsarin kamfani bai faɗi wani abu daban ba, taro ya zauna da kashi ɗaya cikin uku na mambobi ko mutum 25, wanda ya fi ƙanƙanta. Kamfani mai mutum dubu ɗari, 25 sun isa! In awa ɗaya ta wuce ba su cika ba, a ɗage zuwa mako mai zuwa, ranar kuwa ko mutum biyu suka zo, hukuncinsu ya hau kan kowa. Masu tashi da fushi don a rasa adadi su ma ba su tsira ba: in shugaban taro ya ga ba su da ƙwaƙƙwaran dalili, sai a ci gaba. In da kai a yi da kai, in ba kai a yi ba kai.

Ƙuri'a iri biyu ce. A ɗaga hannu, kai da attajiri ɗaya kuke. In aka nemi ƙidayar jari, kowane hannun jari ƙuri'a ɗaya. Manyan sauye-sauye, irin canza sunan kamfani, sai da kashi uku cikin huɗu na ƙuri'un da aka kaɗa.

Na san halin hanyoyinmu, ba wanda zai ce ka kama hanyar Abuja don taron awa biyu. To ka naɗa wakili. Takardar wakilci na zuwa tare da sanarwar taro, wadda dole a aiko kwana 21 kafin ranar. Ka cike, ka nuna inda kake so a kaɗa maka, ka mayar, galibi awa 48 kafin a zauna. Ba sai wakilin yana da jari ba. Ɗanka da ke karatu a birni ya isa. Ka sabunta lambar wayarka wurin magatakardan kamfanin, domin tun 2023 doka ta yarda a yi taron ta intanet.