Bambance ƴaƴan zaƙami da na zurma da na garahuni a yankin Bazaga

1. Gabatarwa

A karkarar Bazaga, cikin gundumar Birnin Ƙonni ta jihar Tawa, akwai tsirrai uku da ke tohowa kusa da gidaje, bisa juji ko jikin danga, waɗanda ƴaƴansu ke kama da juna tun suna ɗanyu. Su ne zaƙami (Datura), zurma (Ricinus communis) da garahuni (Momordica balsamina). Dukansu kore ne, jikinsu da tsini-tsini. Amma garahuni ana ci, biyun na farko kuwa suna ɗauke da guba. Manufarmu a wannan takarda ita ce mu nuna alamomin da za a iya dogara da su wajen bambance su.

2. Alamomin waje

Zaƙami, wanda ake yi wa laƙabi da haukata-yaro, dangin gauta ne da tumatir. Furensa fari ne, dogo, mai siffar kakaki. Ɗansa ɗaya ne tak a kowace mahaɗar reshe, girmansa kamar na lemun tsami, da ƙayoyi ko'ina.

Zurma kuwa dangin rogo ce da bini-da-zugu. Tana iya wuce tsawon mutum, ganyenta faffaɗa ne mai yatsu kamar tafin hannu. Ƴaƴanta ƙanana ne, suna fitowa a cure da yawa bisa sanda ɗaya, ƙayarsu da taushi tun ba su bushe ba.

Shi garahuni yaɗo yake yi. Abin da ke jikin ɗansa ba ƙaya ba ce, ƙulu-ƙulu ne. In ya nuna sai ya yi ja, ya tsage da kansa.

3. Alamar da ta fi tabbas

A ganinmu, in ɗan ya riga ya rabu da uwarsa, babu abin da ya kai a fasa shi a ƙirga ƙwayoyin. Ɗan zurma ɗaki 3 gare shi, kowane ɗaki da ƙwaya 1, mai sheƙi da zane-zane kamar kaskar da ta sha jini. Kalmar ricinus ma a Latin kaska take nufi. Ɗan zaƙami cike yake da ƙananan ƙwayoyi masu yawa, a baje, masu siffar ƙoda. Ƙwayoyin garahuni kuma suna lulluɓe da jan nama mai danƙo.

4. Dalilin da ya sa bambancin ke da muhimmanci

Gubar biyu ba aiki ɗaya suke yi ba. Zaƙami na ɗauke da atropine da scopolamine. Cikin awa ɗaya ko ƙasa da haka baki ya bushe, baƙin ido ya buɗe, jiki ya yi zafi, zuciya ta riƙa bugawa da sauri, mutum ya shiga sambatu. Gubar zurma, wato ricine, wadda Hermann Stillmark ya bayyana a 1888, tana cikin ƙwayar, kuma tauna ce ke sakin ta. Alamunta sukan jinkirta awoyi, sannan amai da gudawa su zo. Wannan jinkirin ne ke yaudarar iyaye su ɗauka yaro ya tsira. Har yau ba a da makarinta, sai dai likita ya taimaka wa jiki da ruwa da kulawa.

Haɗarin bai tsaya ga yara ba. Ƙwayar zaƙami na iya gauraya da hatsi lokacin girbi da sussuka. A 2019, a yankin Karamoja na ƙasar Uganda, garin abincin agaji da ya gurɓata da zaƙami ya kwantar da kusan mutum 300, mutum 5 suka rasu. Manoman gero da dawa da riɗi na yankinmu suna da darasi a nan.

5. Kammalawa

Muna ba da shawara guda uku. A tuge zaƙami daga gona da masussuka kafin ya yi ƴaƴa. A koya wa yara ƙirga ɗakuna da ƙwayoyi, a kuma hana su kai ko ɗaya baki. In yaro ya ci, a kai shi gidan likita nan take, ba tare da jiran alamu ba, a tafi da ragowar ɗan ko ganyen, domin ma'aikacin lafiya ya san da wace guba zai yi fama.