Me ke hallaka masu haƙar kwal a buɗaɗɗen rami?

Galibi idan aka ambaci haɗarin mahaƙar kwal, hankali kan tafi ga ma'aikatan da ke can ƙarƙashin ƙasa, inda iskar gas ke fashewa ko rufin rami ya rufta. Sai dai akwai wata hanyar haƙar, wadda ake yaye ƙasa da duwatsun da suka rufe kwal ɗin, a buɗe makeken rami mai hawa-hawa kamar matakala. Ko da yake ana ganin ta fi sauƙin haɗari, ita ma tana cin rayuka.

A ranar 22 ga watan Fabrairun 2023, bangon wata mahaƙa irin wannan a yankin Alxa na jihar Mongoliya ta Gida a ƙasar Sin ya zaftaro, ya binne ma'aikata da motocinsu. Mutane 53 ne suka rasa rayukansu. Binciken gwamnatin ƙasar ya ɗora laifin a kan kamfanin, saboda saɓa ƙa'idojin haƙa.

Kafin wannan, a watan Disambar 2016, tarin ƙasar da aka yaye ya zaftare a mahaƙar Lalmatia da ke jihar Jharkhand ta Indiya, inda ma'aikata 23 suka mutu.

Yadda bango ke zaftarewa

Matakalar da ake yankawa a jikin ramin ita ce ke riƙe da nauyin bangon. Idan aka miƙar da shi fiye da kima, ko aka kwashe kwal ɗin da ke gindinsa don gaggawar samun riba, sai ya rasa madogara. Ruwan sama da ke shiga tsagar dutse da kuma girgizar nakiya suna ƙara raunana shi.

Bango yakan nuna alama tun kafin ya faɗi: tsagewa a samansa, ko zubar tsakuwa. Shi ya sa manyan mahaƙai ke kafa na'urorin da ke auna motsinsa dare da rana, domin a janye ma'aikata a kan lokaci.

Motoci da ƙura

Haɗari na biyu shi ne manyan motocin jigila, waɗanda wasunsu ke ɗaukar fiye da tan 200. Direban da ke can sama ba ya ganin abin da ke dab da tayoyinsa, har yana iya take ƙaramar mota bai sani ba. Wasu kuma kan faɗa kwari yayin da suke ja da baya za su juye kaya, idan ba a yi tudun kariya a bakin wurin ba.

Akwai kuma ƙurar da ke tashi idan ana huda dutse. Tana taruwa a huhu ta haddasa cutar silikosis, wadda ba ta da magani, kuma sau da yawa sai bayan shekaru take bayyana. A shekarar 2024 hukumar kula da lafiyar mahaƙa ta Amurka ta fitar da ƙa'idar rage yawan wannan ƙura zuwa maikurogiram 50 a kowace mita ɗaya ta iska, tsawo da faɗi da zurfi.

Haƙƙin ma'aikaci

Batun ya shafi Nijar da Najeriya, domin da wannan hanya ake haƙar kwal a Anou Araren da ke jihar Agadez, da kuma Maiganga a jihar Gombe.

Yarjejeniya mai lamba 176 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka amince da ita a 1995, ta bai wa ma'aikacin mahaƙa 'yancin janyewa daga duk wurin da ya ga yana barazana ga rayuwarsa, da 'yancin kai rahoton haɗari ga hukuma. Sai dai yarjejeniyar tana hawa kan ƙasashen da suka rattaba mata hannu ne kaɗai, kuma amfaninta ya dogara ga samun masu sa ido da ke zuwa bakin rami, da tabbacin cewa wanda ya ga tsaga ya faɗa ba zai rasa aikinsa ba.