’Yar Kanta A Gindin Allo: Yadda Za Ka Sa Ta Bin Umarni

Duk ɗalibin da ya taɓa buga aikin Hausa a kwamfuta ya san wahalar haruffa masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ. Ga mai amfani da Linux maganin yana nan, domin akwai tsarin madannai na Hausa a cikinsa, kuma umarni ɗaya ke kunna shi: setxkbmap -layout ng -variant hausa. Matsalar ita ce buɗe allon umarni da rubuta wannan dogon layi kullum. A nan ne ’yar kanta ke da rana.

’Yar kanta ita ce jerin ƙananan hotunan nan da ke gindin allo, waɗanda ake latsawa manhaja ta buɗe. Plank na cikin mafi sauƙinsu. Abin lura shi ne, ita ba ta san umarni ba, fayil kawai ta sani, mai ƙarewa da .desktop. Saboda haka sai ka buɗe manhajar rubutu ka sa waɗannan layuka:

[Desktop Entry]
Type=Application
Name=Hausa
Exec=setxkbmap -layout ng -variant hausa
Icon=input-keyboard
Terminal=false

Ka adana shi da sunan hausa.desktop a cikin ~/.local/share/applications, sannan ka jawo shi da linzami ka ajiye a kan kantar. Shi ke nan. Ka yi wani irinsa mai ɗauke da setxkbmap us don komawa Turanci.

Inda mutane suka fi tuntuɓe shi ne layin Exec. Ana ɗauka duk abin da ya yi aiki a allon umarni zai yi a nan, alhali ba haka ba ne. A allon umarni akwai tafinta, wato sh ko bash, shi ne ke fassara alamomi irin su && da | da ~. Layin Exec kuwa ba ya bi ta hannun tafinta. In ka haɗa umarni biyu da &&, sai ka latsa ka ji shiru, ko bayanin kuskure ba za ka gani ba, kuma wannan shirun ya fi komai ban haushi. Dabarar ita ce ka kira tafintan da kanka:

Exec=sh -c "setxkbmap -layout ng -variant hausa && notify-send Hausa"

Yanzu madannai za su sauya, kuma ɗan saƙo zai fito ya shaida maka. In umarnin ya yi tsawo, a ganina gara ka zuba shi a fayil dabam, ka ba shi izinin aiki da chmod +x, Exec ya nuna cikakken adireshinsa.

Sai dai Plank da setxkbmap duka ’ya’yan tsarin X11 ne. A kan Wayland, wanda Ubuntu ta koma wa tun 2021, ba za su yi yadda ake so ba. Can sai a ƙara Hausa ta wurin saitin madannai.