NOMAN BABA DA KULA DA TUFAFIN RINI

Wannan 'yar takarda tana bayani ne a kan baba, watau tsiron da marina ke rini da shi: yadda ake noma shi, yadda ake yanka da ajiya, da kuma yadda za a kula da riga ko zanen da aka rina don a daɗe ana mora.

ME YA SA ZA A KOMA GA BABA?

A da, baba amfanin gona ne na kuɗi a ƙasar Kano da Zazzau da Katsina. Ana cewa an kafa marinar Ƙofar Mata ta birnin Kano tun 1498. Da Bajamushen nan matafiyi Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya rubuta cewa tufafin da aka saƙa aka rina a nan suna kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Garin Kura kuwa ya yi suna wajen turkuɗi da rawanin da Buzaye ke naɗawa. Duk wannan ciniki daga gona ya faro, don manomi ne ke fitar da auduga, shi ne kuma ke fitar da baba.

A 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin da aka haɗa a masana'anta. Sannu a hankali shunin gwangwani ya shigo kasuwanninmu, ga araha ga saurin aiki, har noman baba ya ja baya.

A gane wani abu guda. Launin da ke cikin shunin gwangwani da wanda ke cikin ganyen baba abu ɗaya ne. Bambancin yana wajen yadda ake aiki da su. Mai rinin zamani yakan narka nasa da soda mai ƙuna da wani farin gari mai wari, ruwan da ya rage kuwa in an kwarara shi cikin rafi ko fadama yana ɓata ruwa da ƙasa. Mai karofi ba abin da yake bukata sai baba da toka da ruwa da haƙuri. Shi ya sa a yau ake samun masu saye, na gida da na waje, da ke neman rinin gargajiya musamman. Da ma an ce da tsohuwar zuma ake magani.

AMFANIN BABA GA GONA

1. Baba dangin gyaɗa da wake ne. In ka tumɓuke shi za ka ga ƙananan ƙulle-ƙulle a jikin saiwarsa. A cikinsu ne ake tara naitirojin daga iska, watau abincin shukar nan da muke saye a buhun yuriya. Saboda haka baba ba ya gajiyar da gona.

2. Ana yanka shi fiye da sau ɗaya a shekara in akwai laima, don yana sake tofowa.

3. Busasshen baba yana ajiyuwa. Ba dole ne ka sayar ranar da ka girbe ba.

Amma fa a yi hattara. Baba ba abinci ba ne, kuma kasuwarsa ba ta kai ta gyaɗa ko waken soya faɗi ba. Kada ka rage gonar hatsi dominsa. Kafin ka shuka, je ka ga marinan da ke kusa da ku, ka ji ko za su saya, da irin shirin da suke so, da yadda suke awo. Shekarar farko fara da kunya biyar ko shida a gefen gona, ka ga kamun ludayinsa.

ZAƁEN WURI DA SHUKA

Baba yana son ƙasa mai sauƙi wadda ruwa ba ya kwanciya a kanta, yana kuma son rana sosai. Kada a kai shi kwari ko ƙarƙashin inuwar manyan itatuwa. In ruwa ya kwanta masa, ganye zai yi ɗorawa ya zube.

Nemi iri wajen manomin da ka ga shukarsa da idonka. Akwai ciyayin daji da dama masu kama da baba waɗanda ba su da launin kirki.

Ƙwayar irin ƙarama ce, ga taurin ɓawo. Jiƙa ta cikin ruwa mai ɗumi ta kwana, da safe ka tsane ta, ka gauraya da busasshen yashi don kada ta zuba wuri ɗaya.

Yi shuka bayan ruwa ya zauna, lokacin da kake shuka gyaɗa. Bar santimita 60 tsakanin layi da layi, watau kamu guda da ɗan ƙari. Kada ka binne irin da zurfi. Gaɓar yatsa guda ta isa. In ya tsiro ya yi ƙwari, sai ka rage, ka bar wajen taƙi guda tsakanin tushe da tushe.

In kana da takin gargajiya ruɓaɓɓe, zuba kafin huɗa. In takin zamani za ka sa, supa ya fi dacewa da shi. Ba ya bukatar yuriya mai yawa.

Baba yana da nawa wajen tashi, ciyawa kuwa ba ta jira. Yi noman fari da wuri, ka yi maimai kafin ya rufe ƙasa. A kuma tsare shi daga awaki da tumaki.

YANKA

Nan ne manoma da yawa ke yin hasara. Launin yana cikin ganye ne, ba cikin kara ko 'ya'ya ba, kuma ya fi yawa daidai lokacin da shukar ta fara fure, wajen wata uku zuwa huɗu bayan shuka. In ka yi gaggawa, ganyen bai nuna ba. In ka yi jinkiri har ya yi 'ya'ya, ganyen ƙasa ya zube, sai ka tara itace kawai.

1. Duba furen. In ka ga ƙananan furanni jaja-jaja sun fara fitowa, lokaci ya yi.

2. Murtsuke ɗanyen ganye a tafin hannu ka ɗan jira. In wurin ya juya ya yi shuɗi-shuɗi, baban yana da kyau.

3. Yi yanka da safe, ranar da ba hadari, da lauje mai kaifi.

4. Kada ka yanke shi ƙasa-ƙasa. Bar santimita 15, wajen tsawon tafin hannu, don ya sake tofowa. In da sauran laima za ka sami yanka na biyu bayan mako shida zuwa takwas.

5. Bar layi ɗaya ba yanka don iri. In kwanson ya bushe ya yi duhu, a tsinke kafin ya fashe, a sussuka, a ajiye a busasshen wuri. Don tuwon gobe ake wanke tukunya.

SHIRI DA AJIYA

Kada a bar baban da aka yanka ya kwana biyu a gona. A kawo shi gida, a tsige ganyen da ƙananan rassa, a daka a turmi tun yana ɗanye, a dunƙula kamar ƙwallon fura, a shanya a kan tabarma. Turmin da aka daka baba a ware shi, kada a koma daka abinci a ciki. Wasu marina sun fi son a sassara shi, a tara ya ɗan yi zafi, sannan a baza ya bushe. Shi ya sa aka ce ka tambaye su tun farko.

Ko ta wace hanya aka bi, doka ɗaya ce: kada ruwan sama ya taɓa shi a shanya, kada kuma a ɗure shi a buhu sai ya bushe ƙayau har ciki. Fasa dunƙule ɗaya ka duba. In cikinsa da damshi zai yi fumfuna, marini kuwa daga sunsunawa zai karya maka kuɗi ko ya ƙi saye. A ajiye cikin buhun algarara ko kwando, a ɗora bisa katako, nesa da bango mai yoyo.

ABIN DA KE FARUWA A KAROFI

Yana da kyau manomi ya san wannan, don shi zai fahimtar da shi yadda ake wanki. Shuni ba ya narkewa cikin ruwa haka kawai. Marini yana haɗa baba da toka da ruwa a karofi, yana motsawa kullum, daga mako guda zuwa 'yan makonni, gwargwadon girman ramin da zafin gari. Ƙananan halittun da ido ba ya gani su ke tsimar da shi har launin ya narke. In an tsoma zane aka ɗaga, za ka gan shi kore-kore. Sai iska ta buge shi yake komawa shuɗi a gaban idonka. Yawan tsomawa da ɗagawa shi ke kawo duhun launi.

Ke nan launin ba ya shiga can cikin zaren, kwanciya yake yi a jikinsa. Duk abin da ya kankare zaren ya kankare launin.

Masu karofi a gida su lura: ruwansa yana da kaifin toka. Kada a zubar da shi kusa da rijiya ko a kan ƙananan shuke-shuke. A riƙa rufe bakin ramin saboda yara da dabbobi.

WANKI

Ni kaina na taɓa yin ɓarna a nan. Wata rigar saƙi da Baba ya ba ni, na jiƙa ta da garin sabulu da ruwan bilic na tafi kewayen gonaki. Da na dawo na tarar ta yi dabbare-dabbare, inda bilic ya zauna har zaren ya ci. Rigar da ta shekara da shekaru a hannunsa, wuni ɗaya ta yi a bokitina. Ga abin da ya kamata a yi:

1. Sabon rini a ɗauraye shi shi kaɗai da ruwan sanyi, a yi ta sauya ruwan har ya kusa fita fari. Shuɗin da ke fita a wankin farko rara ce da ba ta kama ba, ba aibu ba ne. Wasu na cewa a zuba gishiri don launi ya kama. Gishiri ba ya kama shuni, ɗauraya mai kyau ita ce magani.

2. Kada a haɗa shi da fararen kaya.

3. A yi amfani da sabulun wanki mai sauƙi, kaɗan. Ban da bilic ko kaɗan. Ban da ruwan zafi.

4. Kada a jiƙa ya kwana. Kada a dirje da burushi ko a buga a kan dutse. A cuɗa da hannu a hankali, wajen wuya da hamata.

5. A juya cikin rigar waje, a shanya a inuwa inda iska ke kaɗawa. Ranar tsaka tana koɗar da launi, tana kuma raunana zaren auduga. Kada a shanya a kan waya mai tsatsa ko shingen ƙaya.

6. Turkuɗi da kore masu ƙyalli ba a yawan wanke su. Ƙyallin daga shuni da bugu yake, ruwa kuwa yana tafiya da shi. In an sa an cire, a rataya su sha iska a inuwa. In ƙyallin ya tafi, a kai wa mabuga.

AJIYAR TUFAFI

Kada a ninke riga da gumi ko damshi a jikinta. Kada kuma a ajiye wadda aka sa wa sitaci ta daɗe, don sitaci abincin kyankyaso ne. A sa kaya cikin akwati ko adaka, a ɗora bisa dutse ko katako saboda gara da laimar ƙasa. A naɗe rigar shuni da tsohon ƙyallen auduga don kada ta shafi 'yan'uwanta. Leda tana riƙe damshi, ta kawo fumfuna. Busasshen ganyen darbejiya a cikin akwati yana taimakawa wajen korar ƙwari, a riƙa sauya shi. Da damina, duk ranar da gari ya washe a fito da kaya su sha iska.

GARGAƊI: Kada a sa ƙwayar maganin hatsi ko garin maganin ƙwarin gona cikin akwatin tufafi. Ƙwayar nan da ake sa wa buhun wake tana fitar da iska mai guba wadda ke kashe mutum a ɗakin kwana. Kayan da ka yi feshi da su kuwa a wanke su daban, nan take, ba a cikin kwanon da ake wankin iyali ba.

IN RIGA TA TSUFA

Rigar auduga in ta koɗe ba ta mutu ba. A mayar wa marini ya sake rina ta, kuɗin bai kai na sabuwa ba. In ta ɓarke a yi mata maho tun ɓarakar tana ƙarama. In ta gama yayinta ta zama tsumma, a yayyaga a jefa ramin taki, za ta ruɓe ta koma ƙasar da ta fito. Yadin roba ba ya ruɓewa, kuma ba ya shan baba. In kana shakkar yadi, zare ɗan zare daga gefensa ka kusanta shi da ashana. Auduga tana ci da warin takarda, ta bar toka mai laushi. Roba tana narkewa ta dunƙule ta yi tauri.

A TUNA

Yi magana da marina kafin shuka. Fara da kaɗan. Yanka a farkon fure. Busar da kyau. Wanki da ruwan sanyi, shanya a inuwa. In kana neman iri ko ƙarin bayani, tuntuɓi malamin gona na yankinku, ka kuma zauna da dattawan garinku da suka taɓa noman baba, tun suna nan. Allah ya ba mu damina mai albarka.