Biyan Inshorar Mota Bayan Zambar Katin Banki

Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Haka ya ke ga mai motar da mazambata suka taɓa kwashe wa kuɗi ta katin banki. Wani tsoro ya kan sa ya bar inshorarsa ta ƙare. Wani kuma ya kan miƙa tsabar kuɗi ga ɗan kamasho a bakin ofishin lasin, a ba shi takardar jabu. Duka biyu an gudu ne ba a tsira ba.

Abin da doka ta ce

Tun dokar 1945 tilas ne kowace mota da ke hawa hanya a Nijeriya ta kasance da inshorar da za ta biya wanda aka yi wa ɓarna. Daga 1 ga Janairu 2023 Hukumar Kula da Inshora ta Ƙasa, watau NAICOM, ta mai da kuɗin motar gida Naira 15,000 a shekara, maimakon Naira 5,000. Diyyar dukiyar da aka lalata kuwa tana iya kai Naira miliyan 3. Ran 1 ga Fabrairu 2025 'yan sanda suka soma matsa bincike a kan hanyoyi. Ƙa'ida ce kuma, in kuɗi bai shiga hannun kamfani ba, to, babu inshora.

Toshe ƙofar da ɓarawo ya bi

Da zarar mutum ya ga an ciri kuɗinsa ba da saninsa ba, sai ya sa banki ya rufe katin nan take, ya rubuta ƙorafi, ya adana shaidar an karɓa. Sa'an nan ya karɓi sabon kati, ya sake lambar sirri.

Amma fa akwai abin lura. In dā kamfanin inshora daga tsohon katin ya ke cirar kuɗinsa, ranar da aka rufe katin biyan ya tsaya. Lalle ne mai mota ya sanar da kamfanin da kansa, kada ya jira sai ranar haɗari.

Yadda za a biya

1. A tabbata kamfanin yana cikin waɗanda NAICOM ta ba lasin. Hukumar tana bayyana sunayensu.
2. A biya a ofishin kamfanin, ko a tura kuɗin daga banki zuwa asusunsa. Wanda ya tura kuɗi ta haka bai nuna wa kowa lambar katinsa ba.
3. Kafin a tura, a dubi sunan mai asusun. In sunan wani mutum ya fito maimakon na kamfani, a dakata.
4. In da kati za a biya ta intanet, mutum ya rubuta adireshin kamfanin da hannunsa. Kada ya bi wanda aka aiko masa ta saƙon waya.
5. Yana da kyau a ware asusu dabam, a riƙa zuba masa gwargwadon abin da za a biya kaɗai.

Ma'aikacin banki ko na inshora na gaskiya ba ya tambayar lambar sirri, ko lambobi 3 na bayan kati, ko lambar nan da banki ke aikowa lokacin biya. Mazambata kuwa sukan sake kiran wanda suka cuta, su ce za su mayar masa da kuɗinsa in ya faɗi lambobin nan. Kada a saurare su.

Bayan an biya

Takarda kaɗai ba shaida ba ce, gama ana buga ta jabu. Ƙungiyar kamfanonin inshora ta Nijeriya tana da rumbun bayanai mai suna NIID, inda a ke shigar da kowace inshorar mota ta gaskiya. Mai mota ya danna *565*11# a wayarsa, ya sa lambar motarsa. In ba ta fito ba, ya koma wa kamfanin da rasit ɗinsa. In ba a share masa hawaye ba, ya kai kuka ga NAICOM.